'Yan Kudu a Khartum: Yadda Rabuwar Sudan Ta Shiga Cikin Gidaje

A watan Satumba na 2010, ana saura 'yan watanni a kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan makomar Kudancin Sudan, ministan yaɗa labarai na gwamnatin Khartum, Kamal Obeid, ya fito ya gaya wa 'yan Kudu mazauna Arewa abin da ke jiransu in har ƙasar ta rabe. Ya ce ba su da sauran haƙƙin 'yan ƙasa: ba aiki, ba saye da sayarwa a kasuwar Khartum, asibiti kuwa ko allura ba za a yi musu ba. Daga baya wasu manyan gwamnati sun yi ta ƙoƙarin kwantar da hankali, suna cewa za a kare rai da dukiyar kowa. Amma magana zarar bunu ce. A Disambar wannan shekara shugaba Umar al-Bashir ya yi jawabi a garin Gadarif, ya ce idan Kudu ta balle za a sauya tsarin mulki, Shari'a ta zama tushen doka, Larabci harshen hukuma, kuma ba sauran zancen bambancin ƙabila da al'ada. Magidanci Kirista ɗan ƙabilar Dinka ko Nuer ko Shilluk, da ke zaune da iyalinsa a unguwar Haj Yusuf, bai nemi wani ya fassara masa ba.

Labarin rabuwar Sudan an saba jin sa ta fuskar mai, da kan iyaka, da rikicin Abyei, yankin da ɓangarorin biyu ke jayayya a kansa. Lamarin da nake son a tsaya a kansa shi ne na mutanen da rabuwar ta riska a cikin ɗakunansu, a birnin da ya wayi gari ya zama ƙasar waje gare su, da irin shawarar da aka tilasta musu yankewa.

Yadda suka zo

Yaƙin basasa na biyu ya fara a 1983, bai tsaya ba sai 2005. An ƙiyasta mutum miliyan 2 ne suka mutu, miliyan 4 kuma suka bar gidajensu. Da yawa daga cikinsu Arewa suka nufa, wato wajen gwamnatin da ake yaƙi da ita, domin can ne ba a jefa bam, can ne kuma ake samun abin kaiwa baki. Yunwar 1988 a yankin Bahar al-Gazal na Kudu ta koro ɗimbin Dinka, wasu a ƙafa, wasu a saman jirgin ƙasa. Suka kafa bukkoki a gefen Khartum. A farkon shekarun 1990 hukuma ta sa katafila ta rushe yawancin waɗannan unguwanni, aka kwashe mutane zuwa sansanoni a bayan gari: Mayo, Jabal Auliya, Wad al-Bashir da Darussalam ta Omdurman, birnin da ke tsallaken Nilu daura da Khartum.

Zama ne na wahala, ba wanda zai musa. Maza na leburanci a wuraren gini, mata na aikatau da sayar da shayi a bakin titi, wasu na dafa giya a ɓoye, in an kama su a yi musu bulala ko a kai su gidan yarin mata na Omdurman. Amma shekara ashirin ba kwana ashirin ba ce. A cikinta an samu sojoji da 'yan sanda da malaman makaranta da ma'aikatan jinya 'yan Kudu. Jami'ar Juba, babban birnin Kudu, ita kanta an maido ta Khartum a 1989 saboda yaƙi. An samu waɗanda suka mallaki fili suka gina ɗaki biyu, an yi auratayya, an haifi yara da ba su taɓa ganin Kudu ba, Larabcin Khartum ne a bakinsu, da shi suke wasa da shi suke karatu.

Ko yawansu ma ba a yi ittifaƙi a kai ba. Ƙidayar 2008 ta ce 'yan Kudu a Arewa sun ɗan haura rabin miliyan. Jam'iyyar SPLM ta Kudu ta yi fatali da wannan adadi, ta ce sun ninka haka.

Yarjejeniyar zaman lafiya da aka sa wa hannu a Nairobi ranar 9 ga Janairu 2005 ta ba da shekara shida a gwada zama tare kafin 'yan Kudu su zaɓa. Da John Garang, jagoran SPLM, ya shigo Khartum a Yulin 2005, dandazon da ya tarbe shi bai tsaya ga 'yan Kudu kawai ba. Mako uku da rantsar da shi mataimakin shugaban ƙasa na farko, ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu ranar 30 ga Yuli. Tarzoma ta ɓarke a Khartum, aka kashe fiye da mutum 100. Tun daga ranar maƙwabci ya san abin da maƙwabcinsa zai iya yi, kuma wannan tunani yana nan a zuciyar kowa lokacin da ƙuri'a ta ƙarato.

Shawarar cikin gida

Akwai wani adadi da ba a cika ambata ba. A ƙuri'ar Janairun 2011, kashi 98.83 cikin ɗari sun zaɓi ballewa. Amma a Arewa mutum kusan 116,000 ne kacal suka yi rajista, kuma cikin waɗanda suka kaɗa, kusan kashi 58 ne suka zaɓi ballewa. Wato huɗu cikin goma haɗin kai suka zaɓa. Wannan bai nuna suna ƙaunar gwamnatin Bashir ba. Su ne dai suka san cewa in an raba ƙasar, a jikinsu za a yanka.

A ɗauki gida guda, irin wanda ake da dubbansa a lokacin. Maigida ɗan asalin garin Awil na Kudu, ya shekara ashirin yana aikin ɗan sanda, saura kaɗan ya ci fansho. Uwargida na sayar da shayi, ta san kwastomominta. Babbar ɗiya na shirin jarabawar gama sakandare, da Larabci za ta rubuta. Ƙaramin yaro na da ciwon da sai an riƙa kai shi asibiti. Ga tsohuwa, mahaifiyar maigida, wadda tun da ta zo ba ta da magana sai ta a maida ta a binne ta kusa da iyayenta. Kowanne daga cikin mutanen nan biyar yana da gaskiyarsa, kuma gaskiyar wani na karo da ta wani. In an tashi, fansho ya salwanta, karatun yarinya ya katse, asibiti ya yi nisa. In an zauna, wa ya san abin da zai faru daren da aka sanar da sakamako?

Gidaje da yawa ba su zaɓi tafiya ko zama ba, sai suka raba ƙafa. Wani ya tura mata da yara da tsofaffi a motocin da gwamnatin Kudu ta samar, shi ya tsaya yana ɗaukar albashi yana jiran haƙƙoƙinsa. Wani kuma shi ya yi gaba ya nemi fili da aiki a Juba, ya bar iyali sai yara sun gama zangon karatu. Dabara ce ta mutumin da bai amince da ɓangaren ko ɗaya ba: in can ta ɓaci, a samu na nan, in nan ta ɓaci, a samu na can. Kowa ya ɗauka rabuwar wata uku ce ko shida. Tsakanin ƙarshen Oktoban 2010 da ranar 'yancin kai, fiye da mutum 300,000 sun nufi Kudu.

Mai gida ko fili in zai sayar, mai saye ya san ba shi da lokacin ciniki. Ma'aikatan gwamnati da sojoji 'yan Kudu kuwa ba a bar musu zaɓi ba, an sallame su daf da ranar 'yancin kai, 9 ga Yuli 2011, batun fansho aka bar shi a teburin tattaunawa. A cikin watan nan na Yuli Juba ta fito da sabon kuɗinta, mako guda bayan haka Khartum ma ta sauya nata. Wanda ya ƙulle 'yan kuɗinsa a tsumma ya kama hanya, yana iya isa ya tarar abin da ya tara ya kusa zama takarda.

Da doka ta shigo

A ganina nan ne zuciyar lamarin. Ƙasashen biyu kowacce ta rubuta dokar zama ɗan ƙasa ita kaɗai, ba tare da sun daidaita ba.

Dokar Sudan ta Kudu ta 2011 ta buɗe ƙofa sosai. Duk wanda aka haifi uwarsa ko ubansa, ko kakansa, ko kakan iyayensa a Kudu, ta wajen uwa ko ta wajen uba, ɗan ƙasa ne. Haka duk wanda ya fito daga ɗaya daga cikin ƙabilun asali na yankin. Ta kuma yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Ita kuwa Khartum, a gyaran da ta yi wa dokarta ta 1994, wanda ya fara aiki a Agustan 2011, cewa ta yi duk wanda ya samu zama ɗan Kudu, a hukumance ko a zahiri, shaidarsa ta zama ɗan Sudan ta faɗi kai tsaye. Yaro ƙarami kuma yana bin mahaifin da ke da alhakinsa.

A haɗa dokokin biyu a ga abin da ya fito. Karamcin dokar Kudu ya zama makami a hannun dokar Arewa. Mutum bai taɓa neman takardar Juba ba, bai taɓa taka Kudu ba, amma tun da dokar can ta ce ya cancanta, dokar nan ta ce ya riga ya samu. Ba a tambaye shi ba, ba a rubuta masa wasiƙa ba. Sudan ta yarda ɗanta ya riƙe fasfon wasu ƙasashe, amma ban da na ƙasar da jiya-jiya suke ɗaya.

Inda abin ya fi zafi shi ne gidajen auratayya. Uwa 'yar Arewa, uba ɗan Kudu: uwa na nan 'yar ƙasa, 'ya'yan cikinta sun zama baƙi. Wannan ba zato ba ne. Akwai ƙarar da ta kai gaban kwamitin Tarayyar Afirka mai kula da haƙƙin yara, ta wata budurwa da mahaifiyarta 'yar Sudan ce, mahaifinta kuma ɗan asalin Kudu wanda ya rasu tun kafin a raba ƙasar. Ta gama sakandare, ta je neman lambar shaidar ɗan ƙasa domin shiga jami'a, aka ce mata ba ta da ƙasa a nan. A 2018 kwamitin ya yanke cewa Sudan ta tauye mata haƙƙi. Ita ta samu masu kai mata ƙara. Sauran, a gaban tebur ɗin ma'aikacin rajista maganarsu ke ƙarewa, inda sunan kaka ko kamannin fuska ke iya yanke hukunci.

Akwai ma waɗanda ɓangarorin biyu duka ke kallo da shakka: marayun yaƙi da ba su san asalinsu ba, mazauna kan iyaka, da makiyaya irin Fulanin da ake kira Fallata, waɗanda shanunsu ke ratsa layin da yanzu ya zama iyakar ƙasa.

Khartum ta ba da wa'adin wata tara, zuwa 8 ga Afrilu 2012: ko ka tafi, ko ka yi takardun zama a matsayin baƙo. To takardar zama tana buƙatar fasfo, fasfon kuma sabuwar ƙasar ce za ta bayar, wadda ita ma a lokacin take kafa ofisoshinta. A watan Maris an cimma daftarin yarjejeniya kan 'yanci huɗu: zama, zirga-zirga, sana'a da mallakar kadara. Kwana biyu bayan cikar wa'adin, sojojin Kudu suka kama Heglig mai arzikin mai, zance ya wargaje. Sai 27 ga Satumba 2012 aka sa hannu a Addis Ababa, aiwatarwar kuma ta yi ta tafiyar hawainiya. Abin lura, tun 2004 Sudan ke da irin wannan yarjejeniya ta 'yanci huɗu da Masar. Ke nan a takarda, ɗan Alƙahira ya fi haifaffen Omdurman haƙƙin zama a Omdurman.

Shugabannin ɓangarorin biyu sun samu shekara shida cur. Sun san wannan rana za ta zo. Aka shiga ranar 'yancin kai ba a warware matsayin ɗaruruwan dubban mutane ba, domin kowane ɓangare ya ga amfanin riƙe su a matsayin abin ciniki. Ban ga uzurin da zai wanke su ba.

Kosti

Wanda ya yanke shawarar tafiya ma bai huta ba. Hanyoyin uku ne: mota, jirgin ƙasa zuwa Awil da Wau, ko jirgin ruwa daga tashar Kosti a bakin Farin Nilu, tafiyar mako biyu ko fiye kafin a kai Juba. Yaƙi ya ɓarke a Kudancin Kordofan a Yunin 2011, a jihar Blue Nile kuma a Satumba, hanyoyin mota suka zama haɗari. A cikin Khartum mutanen da suka saki ɗakunan haya suka kwaso kaya zuwa filayen da aka ce motoci za su zo. Motoci ba su zo ba. Dubbai suka yi shekaru a waɗannan filaye, cikin rumfunan buhu da tsumma, a birnin da suka taɓa samun rufin asiri.

A Kosti abin ya fi fitowa fili. Duk wanda ya ga hotunan tashar ya ga tulin kaya: gadajen ƙarfe, katifu, kujeru, tukwane, keken ɗinki, kwanon rufi, har ƙofofi da tagogin da aka ɓamɓaro daga jikin gini. Mai kallo daga nesa zai ce wannan wace irin wahala ce, a bar tarkace a tsira da rai mana. Amma matar da ke zaune a gindin tulin nan ta san abin da take yi. Ta san inda za ta babu kanti, in akwai ma kuɗinta ba zai saya ba. Kwanon rufin nan shi ne ɗakinta na gobe, keken ɗinkin shi ne abincin 'ya'yanta. Gumin shekara ashirin ne a ɗaure da igiya.

A farkon 2012 Khartum ta dakatar da jiragen ruwan, bisa zargin Kudu na amfani da su wajen jigilar soja. Mutum 12,000 zuwa 15,000 suka maƙale, wasu sun kusa shekara a wurin. Gwamnan jihar da Kosti take ciki ya ba su wa'adi su tashi a watan Mayu. Mafitar da aka samu ita ce hukumar IOM mai kula da ƙaura ta kwashe su a bas zuwa Khartum, daga nan jirgin sama zuwa Juba. Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni aka ɗauki kusan mutum 12,000. Kowane fasinja kilo 20 aka yarda ya ɗauka. Sauran kaya aka ce za su biyo baya ta ƙasa. A garin Renk, daf da kan iyaka, wasu dubban suka yi zaman jira tare da kayansu, sun ƙi motsawa sai da su. A nan ma gida ya sake rabuwa: wani ya tsaya gadin kaya, sauran su yi gaba.

Abin da suka tarar

Ana kiran tafiyar komawa gida. Ga tsohuwa haka ne. Ga jikarta ƙaura ce zuwa baƙuwar ƙasa. Sabuwar ƙasar ta ɗauki Turanci harshen aiki da na karatu, saboda haka wanda ya yi digirinsa da Larabci ya tarar takardarsa ba ta da nauyi, yaron da ke aji biyar ya koma kamar ɗan aji ɗaya. Tsarin karɓar masu dawowa ya fi karkata ga kowa ya nufi yankin kakanninsa, alhali mutumin da ya saba da aikin birkila da wutar lantarki ba zai iya noman damina ba. Da yawa suka ƙi ƙarasawa ƙauye, suka yi sansani a gefen Awil da Wau da Malakal da Bentiu suna jiran fili. Ga kuma kallon da wasu da suka sha wuyar daji ke yi musu, na waɗanda suka zauna wajen Larabawa sai da aka gama yaƙi suka zo cin riba. A Janairun 2012 Juba ta rufe rijiyoyin mai saboda rikicin kuɗin bututu da Khartum, mai kuwa shi ne kusan kashi 98 na kuɗin shigarta. Alkawuran makaranta da asibiti da fili suka bi ruwa. Wasu tun a lokacin suka lallaɓa suka koma Arewa.

Sau biyu kuma

Ranar 15 ga Disamba 2013 rikicin shugaban Sudan ta Kudu Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar ya zama yaƙi. Bor, Bentiu da Malakal suka yi ta sauya hannu har suka zama kufai. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta yaƙin ya jawo mutuwar kusan mutum 400,000. Waɗanda suka baro Khartum da ƙofofinsu a ka suka sake nufar Arewa, wannan karon hannu wofi. Da farko Bashir ya ce a ɗauke su 'yan'uwa, a 2016 aka ce baƙi ne, daga baya a shekarar aka ba su matsayin 'yan gudun hijira. Mutumin da aka haifa a Khartum ya dawo Khartum da katin ɗan gudun hijira. A nan dabarar raba ƙafa ta yi rana: wanda ya bar ƙane ko gwaggo a Haj Yusuf ya samu inda zai sauka. Kafin 2023 'yan Kudu kimanin 800,000 ne ke Sudan a wannan matsayi.

Sai 15 ga Afrilu 2023, da faɗa ya kaure tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun RSF, wata runduna ta daban da Hemedti ke jagoranta, a tsakiyar Khartum. Hanyar dai ita ce ta da: Kosti, kan iyakar Joda, Renk. Zuwa farkon 2025 fiye da mutum miliyan 1 sun tsallaka Kudu, mafi yawansu 'yan Kudu ne, cikinsu har da waɗanda suka ƙi tafiya a 2011 suka jure zaman rashin takarda shekara goma sha biyu. Macen da aka goyo zuwa Arewa a yunwar 1988 tana iya kasancewa ta ratsa wannan layi sau huɗu kafin ta cika shekara arba'in.

Wannan karon har da 'yan Arewa a cikin ayarin, suna neman mafaka a ƙasar da ta balle daga tasu. A Janairun 2025, bayan sojojin Sudan sun ƙwace garin Wad Madani daga hannun RSF, hotunan bidiyo suka bazu da aka ce suna nuna kisan 'yan Kudu a can. Matasa a Juba da Awil da wasu garuruwa suka far wa shagunan 'yan Sudan, 'yan sanda suka ce an kashe mutum 16, gwamnati ta sa dokar hana fita da dare. 'Yan kasuwar Arewa da suka yi shekaru a Juba, wasunsu da mata 'yan Kudu da 'ya'ya, suka kwana a harabar 'yan sanda da barikin soja, suna lissafin wa zai tsaya gadin shago, wa za a fitar, da kuma ina za a kai shi, tun da Khartum ɗin ma tana cikin wuta.